Kan Wayar Murhunki Yana Aljihuna

Bande, ranar Laraba.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Da sunan Allah na fara. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da angonki Laminu da duk dangin da za ki tarar. Allah ya tsare motar da za ta ɗauke ku daga ƙofar gidan nan har Damagaram, ya raba ku da sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya sa ki shiga ɗakinki da ƙafar dama.

Na ba innarki Hadiza takardar nan ta sa miki a saman akwati, don ki fara cin karo da ita kafin a kwance sauran kaya. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san aji huɗu na tsaya a lekol, makarantar boko, ke kuwa malama ce, kina gyara wa 'ya'yan mutane kaye, littattafan rubutunsu. Kada ki ɗauki jan bik ɗinki na gyaran rubutu a kaina. Da baki ya kamata in faɗa, to amma tun ranar da mahaifinki Yaya Sale ya rasu aka ce mini ga 'yarka, kina da shekara tara ina da ashirin, ban taɓa iya zaunar da ke na yi doguwar magana ba. Ko sunanki na yanka ba na iya kira, tunda na tsohuwarmu ne. Gobe mata ne za su raka ki su yi jere, uba ba ya bin amarya. Shi ya sa na rubuta.

Nasihar zaman aure mata sun yi miki ita kwana uku, ba ni da abin ƙarawa. Ni waya na sani, a kanta zan yi magana.

In an sauke babban murhun kuran ɗin nan, na lantarki, da gwaggwanninki suka sayo miki daga Kano, mai baki huɗu da tanderu a ƙasa, za ku ga wayarsa ba ta da kai, an naɗe bakinta da baƙin sikoci, salatif ɗin masu waya. Ba a hanya ya karye ba. Ni na yanke shi, yana cikin aljihun rigata yanzu da nake rubutu. Ina roƙon ki don Allah kada ki bari kowa ya sa masa wani, kada a cusa shi a piris ɗin bango, wato soket, ko na minti ɗaya, sai na zo. Dalilin yana da tsawo, kuma ba mai daɗi ba ne gare ni.

Lokacin da na fara bin Malam Idi aikin jan waya a Magaria, ina ɗauka cewa murhu kafaffe shi ne wanda aka gina da siminti, ko wanda ƙarti biyu ba za su iya ɗagawa ba. Duk abin da ake iya ja a share ƙarƙashinsa, a wurina kayan ɗauka ne, piris ya ishe shi. Wata rana ya bar ni ni kaɗai a wani sabon gida, ya ce in gama madafa. Na ja siririyar waya ɗaya, na rataya mata piris uku da ƙwan fitila, na shafe bango sumul, ina jin daɗin kaina. Da ya dawo ya tambayi maigidan irin murhun da zai sa, aka nuna masa wani a kwali kamar naki. Bai yi mini faɗa ba. Guduma ya miƙo mini, na fasa bangon da na shafe da hannuna.

Muna cin rogo a bakin ginin ya yi mini bayani yadda kwanyata za ta ɗauka. Ya ce kayan girki na kuran iri biyu ne, akwai baƙo akwai ɗan gida. Butar dafa ruwa, ƙaramin risho mai baki ɗaya, tukunyar shinkafa, duk baƙi ne. Suna zuwa da kansu a jikin waya, su sha kaɗan, a zare su a ajiye. Ko akwatin nan na ɗumama abinci, in ya shekara goma a kan tebur ɗaya bai motsa ba, baƙo ne har gobe. Amma murhu mai baki da yawa da tanderu, ko farantan girkin da ake nutsawa cikin dakali, ko tanderun da ake shigarwa cikin kabad a ɗaure, waɗannan 'yan gida ne, ko da mace ɗaya za ta iya rungumar su ta ɗaga. Dokar waya ba ta auna nauyi. Abin da take dubawa shi ne yawan wutar da abu yake ja, da yadda aka yi shi don a haɗa shi, da kuma cewa wuri ɗaya aka nufa ya zauna. Ɗan gida ba ya cin kwano ɗaya da kowa. Layinsa daban ake ja masa tun daga akwatin wuta, da waya mai kauri, lamba shida ga irin naki, da nasa dijontar, wato abin nan da ke faɗuwa ya yanke wuta in ta yi yawa, da wayar ƙasa mai ruwan kore da rawaya. Ba a rataya ko ƙwan fitila ɗaya a kan layin.

Ya nuna mini littafinsa na Faransanci. Ban iya karanta shi ba, amma na ga zanen: layi ɗaya ya fito shi kaɗai ya tafi wurin murhu bai tsaya gaida kowa ba. Ya kuma juya murhun ya nuna mini bayansa. Ya ce in ka ga abu ya fito daga masana'anta ba shi da kan waya, sai murfi da kusoshi a ƙarƙashi, to da bakinsa yake gaya maka shi ba na piris ba ne.

To Uwani, ki riƙe wannan: kada ki yanke wa abu hukunci da ido daga gaba. Juya shi ki duba bayansa. In ba ki gane ba ki tambaya, tambaya ba ta rage wa malama daraja.

Wannan kuskuren bango kawai ya ci. Na biyun shi ne ban taɓa faɗa wa kowa ba, har innarki.

Shekara bakwai da suka wuce, na fara karɓar aiki ni kaɗai. Aka kira ni gidan wani mai sayar da ƙanƙara a Magaria, ya auro wata yarinya 'yar Guci, sunanta Zulai. Mai kitso ce ta gaske. Mata har daga ƙauyuka suke zuwa su yi layi a tsakar gidan uwarta. Danginta sun yi mata murhu irin naki sak. Na zo ranar jere da wayata mai kauri, na ce zan fasa bango in ja layi in ɗaure murhun a cikin akwatin haɗi. Sai wata tsohuwa cikin masu jere ta ajiye kwanon da ke hannunta.

Ta ce, "Yaro, kayan mace ba a ɗaure shi a bangon miji. In zama ya ƙi, da me za ta fita? Bangon za ta ɗauka?"

Mata suka sa dariya. Wata ta ce a bar injiniyan Bande, so yake ya kafe amarya tun ranar farko. Tsohuwar ta ce ita dai a sa masa kai kamar na rediyo, yadda duk ranar da aka so za a zare a ɗora a mota. Ni ina saurayi, ɗaki cike da mata sa'o'in uwata, zufa ta karyo mini. Na san gaskiya sarai, Malam Idi ya sa na fasa bango a kanta. Amma kunya ta kama ni. Na mai da wayar cikin buhu, na fita butik, kantin unguwar, na sayo kai, na matsa wayoyin murhun a ciki da ƙyar, na cusa a piris. Ya kama. Suka yi guɗa, aka ba ni goro da alewa.

Ki lura da wannan, don shi ne tarkon: ya kama. Abin da aka haɗa ba daidai ba yakan kama ranar farko, har wata ya yi yana kamawa.

Bayan sati biyu mijin ya aiko. In Zulai ta kunna baki biyu da tanderu, sai dijontar ta faɗi, ɗaki ya yi duhu. Ya ce na sa masa kayan banza, in zo in gyara ko ya nemi wani. A nan Allah ya ba ni dama ta biyu in faɗi gaskiya, ban ɗauka ba. Na cire ƙaramar dijontar na sa babba, na bar siririyar wayar nan a bango yadda take. Kwantar gidan, wato mitar wuta, babba ce saboda injinan ƙanƙara, don haka ba abin da ya rage da zai hana wuta bin wannan waya iya son ranta. Dijontar ta daina faɗuwa, mijin ya ce yanzu na yi aiki.

Uwani, in jaki ya tirje a bakin gulbi, ba dukansa ake yi ba, ruwan ake dubawa. Dijontar da ke faɗuwa lafiyarta lau, aikinta take yi. Duk wanda ya ce zai sa miki babba ba tare da ya canza waya ba, ko ya tokare ta da tsinke, ki raka shi ƙofa, ko da abokin Laminu ne, ko da ni ne.

Dama ta uku ma an ba ni. Na haɗu da Zulai a bakin kasuwa cikin azumi, ta gaishe ni, ta ce piris ɗin yana ɗaukar zafi, gefensa ya yi ja-ja, kuma in tana girki tana jin wari kamar na ƙonannen kifi. Na san abin da hakan yake nufi, amma bakina ya ce haka sabon abu yake yi. Na ce zan shigo Alhamis. Ranar Alhamis ɗin aka kira ni wani aiki a Mallawa na tafi, na ce Asabar ma rana ce.

Ranar Juma'a bayan la'asar ta ɗora kayan buɗa-baki, baki huɗu duka da tanderu. Piris ya fara hayaƙi, wuta ta fito ta kama labule. Abin da kowa zai yi shi ta yi, ta kai hannu ta zare. Robar ta riga ta narke, ta manne mata a tafin hannun dama. Maƙwabta suka kashe wutar da rairayi. Kabad ɗin kwanuka ya ƙone, gado ya ƙone, murhun da aka ƙi ɗaurewa don a iya fita da shi ya zama ƙarfen bola. An yi jinyarta a asibiti ta warke, amma yatsu uku suka haɗe suka lanƙwashe. Tun daga ranar ba ta sake kama gashin kowa ba.

Mutane suka ce kuran ne ya zo da ƙarfi, ƙaddara ce. Ina tsaye a wurin na gyaɗa kai tare da su. Malam Idi ne kawai ya shiga ya buɗe akwatin wuta. Ya kwance babbar dijontar ya sa mini a tafin hannu, ya ce a hankali, "Wannan lambar ba ni na koya maka ba." Bai tona ni ba har ya koma ga Allah. Da ma ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Shekara bakwai in na shiga Magaria ina kewaye layin gidansu.

Yanzu ki ji abin da ya faru a gidanmu. Ranar da murhunki ya iso na juya bayansa, na ga murfi da kusoshi, ba kai. Na gaya wa Gwaggo Indo cewa sai an ja masa layi an ɗaure shi. Wallahi maganar tsohuwar can ta maimaita mini, kamar tare suka kwana. Ta ce ba za a kafe kayan 'yarta a gidan haya ba, gobe mai gida ya ce nasa ne, ko dangin miji su ce a bango suka same shi. Na ce ni dai ba zan sa kai ba. Ta ce ai ba ni kaɗai na iya riƙe turnabis na kwance kusa a Bande ba. Ta sa aka ɗora shi a amalanke aka kai wa mai gyaran rediyo, ya saƙala masa waya da kai.

Ranar Lahadi da aka baje kayanki mata suna kallo, na leƙo na gan shi. Na buɗe baki, na ga tsakar gida cike da zannuwa, na ji tsohuwar zufar nan ta karyo. Na rufe bakin na fita. Ina da shekara talatin da uku, da 'ya'ya, na sake yin abin da na yi ina saurayi.

Washegari na hau babur na tafi Magaria, na shiga layin da nake kewayewa. Zulai tana zaune a zaure tana sayar da sabulu da omo, da hagu take miƙa kaya. Na durƙusa na gaya mata komai, kan wayar, da dijontar, da Alhamis ɗin da ban zo ba. Ta bar ni na gama. Ta ce tun tana kwance a asibiti ta sani, ai ita ta gaya mini warin kifi. Ta ce ta daɗe da yafewa don ta samu ta yi barci, ba don ni ba. Sai ta tambaye ni me ya kawo ni yau bayan shekara bakwai. Na ce 'yata za ta tare, an yi mata irinsa, an sa masa kai.

Ta dube ni ta ce, "Kuma kana nan zaune a zaurena? Habu, yafiyata ba za ta kashe wutar Damagaram ba. Tashi."

Na dawo bayan azahar, na tarar da Gwaggo Indo da mata huɗu suna ɗaure kaya. Na yi sallama, na ɗauki almakashin aikina na datse kan wayar a gabansu. Gwaggo ta ce na tsinka ta a gaban mutane, tun shekaranjiya ba ta amsa gaisuwata. Na ɗauka, ita ce babba.

Kada ki ji haushinta. Tsoronta na gaskiya ne. Aurenta na fari da tabarma ɗaya ta fito, saboda an ce duk abin da ke ɗakin na gida ne. Don tana son ki take wannan rigima. Abin da na kasa fahimtar da ita, ke ki fahimta ki gaya mata cikin ladabi in ta huce: kafaffe a wurin dokar waya ba ya nufin ya zama na mai bango. Kusoshi uku ne kawai a ƙarƙashin murfi. Mai aiki zai kashe wuta ya kwance su kafin shayi ya tafasa. Wayar da ke cikin bango ce za ta zauna, murhu naki ne, rabin matan Bande sun gan shi a cikin kayanki. Allah ma kada ya kawo ranar kwancewa, sai dai in kun gina naku.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne halinki. Halina kika ɗauko, ba kya iya cewa a'a a gaban mutane. Na san yadda za a yi. Ƙawayenki na lekol za su zo ganin ɗaki, wata ta ce a kunna mu gani. Wani ƙanin Laminu zai ce shi ya iya, abin minti biyar ne, ga ma ralonji, doguwar wayar ƙari. Za ki ji kunya kamar yadda na ji. To ki ɗora mini. Ki ce Baffana ne ya hana, mutum ne mai taurin kai, ba ya jin magana. Su zage ni, ba komai, ina nesa.

Ki ba Laminu wannan takarda ya karanta, ban ɓoye masa komai ba. Ina jin nauyinsa a matsayin suruki, amma nauyin ya ishe ni haka. Ya nemi izinin mai gidan kafin a taɓa bango. Ya duba kwantar gidan ya karanto mini lambar da ke jiki ta waya, don mai yiwuwa ƙarama ce, ba za ta ɗauki murhun ba ko an ja layi. In haka ne, ofishin masu wuta ake zuwa a nemi ƙari, ba a sa wa kwantar hannu. In kuma abin bai yiwu ba, murhun ya zauna da mayafinsa ya yi ado, ba a mutu ba. Sannan ya taka da ƙafa daga akwatin wuta zuwa madafa ya gaya mini taku nawa ne, in san tsawon wayar da zan yanko.

Kafin nan ki yi girki da gawayi a tsakar gida, ko ƙaramin gas ɗin da innarki ta sa miki. Tuwon da kika tashi da shi ba kuran ya dafa shi ba.

Abu ɗaya kuma. Ranar da kika shiga gidan, kafin ki san inda gishiri yake, ki sa a nuna miki inda ake kashe wutar gida duka, ki gwada da hannunki. In wata rana kika ji warin nan, ko kika ga piris ya canza launi, ko da na dutsen guga ne, can za ki nufa. Kada ki kai hannu ki zare, kada ki watsa ruwa. Ki kashe daga can, ki fita, ki kira mutane. Kuma kada ki yarda da mai cewa sai Asabar.

Da zan fito daga zauren Zulai ta kira ni, ta ɗaga hannun nan nata ta ce in gaya wa amarya kwano da gado duk an sake saya mata a kasuwar Mallawa, wannan ne ta zagaya rumfa-rumfa ba ta samu ba. Na isar da saƙo. Da wannan hannun kike riƙe alli, Uwani.

In Allah ya kai mu, ranar da kika cika sati biyu ina tafe da motar safe, da wayata da gudumata. Zan fasa bangon surukina, in ja layin da ya kamata in ja shekara bakwai da suka wuce. Ke za ki fara kunnawa, ni kuma in ci abin da aka dafa. Kan wayar zai zauna a aljihuna har ranar.

Allah ya tsare ki daga wuta, ta duniya da ta lahira. Ya tsare hannuwanki da ɗakinki da mijinki, ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Allah ya jiƙan Yaya Sale, ya sa in sadu da shi ban ci amanarsa ba. Ki sa ni a addu'a, ki kuma roƙar mini Gwaggo.

Ni ne Baffanki,
Habu.